Baffana Mai Tseren Ranar Shara

Baffa, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Tudun Wada. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, wannan ba ni da ja a kai. Abin da nake da ja a kai shi ne maganganun da na zauna a kan tabarma ina sha tun daga ranar. Na ga in ban rubuta nawa ba, kafin shekara ta zagayo za a mayar da mutumin nan waliyyi, a binne wanda ni na sani.

Kafin azahar layinmu ya toshe da babura. 'Yan tsere ne suka zo daga unguwannin Television da Kamazou, Musulmi da Kirista, tsofaffin da tumbi ya hana su hawa da samari masu yankakkiyar salansa. Suka tsaya a ƙofar gidan mutuwa suna ta murɗa totur, wai gaisuwar ban kwana ce, har sai da liman ya aiko a ce su kashe. Wani ƙato daga Kamazou ya rungume ni yana kuka da majina, yana cewa, "Oga ya tafi! Wallahi ba za a sake yin mai rufe hanya irinsa ba!" Saura kaɗan ya kai ni ƙasa, don ƙafa ɗaya gare ni, sandata kuma ta zame. Bai ma lura ba, ya wuce ya rungumi na gaba.

Da aka shimfiɗe gawar, kafin a tayar da sallah, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku. Duk wanda ya san mamacin nan ya ɓata masa, ya dubi girman Allah ya yafe masa." Sahu ya amsa baki ɗaya, "Mun yafe!" Ni ban buɗe baki ba. Na yi masa sallah, na bi shi maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna, amma kalmar nan ban faɗe ta ba. Mutanenmu kuwa, ko a sahun jana'iza ba sa rasa mai kallon bakin wani. Kafin mu dawo labari ya riga ya shiga cikin gida wurin Inna, matar Baffa, wadda ta raine ni.

Inna ta sani kamar yadda na sani, laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa Allah yana shafewa in Ya so, amma hakkin mutum yana nan a wuya sai mai shi ya saki. Ta aiko mini cewa tana son ta ji daga bakina kafin sadakar bakwai. Kwana shida ke nan ta ba ni in yafe abin da na yi shekara goma sha biyu ina ɗauke da shi.

Gajere ne Baffa, baƙi, mai faɗin kafaɗa, haƙoransa jajir da goro. Ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya rasu, Baffa ne ya je ya ɗauko ni. Masu ta'aziyya suna ta cewa bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba, kuma gaskiyarsu ne, yadda yake zaginsu haka yake zagina. Garejinsa na gyaran babura yana Television, rumfar kwano ce a bakin titi. Ko lokacin da rigingimu suka raba garin nan, kowa ya tattara ya koma ɓangaren masu addininsa, shi ko sufana ɗaya bai ɗage ba, kullum sai ya haye gadar da ta raba ɓangarorin biyu ya tafi aikinsa. Yanzu ana cewa son haɗin kan jama'a ne ya sa. Ƙarya ne. Baffa bai damu da masallaci kake zuwa ko coci ba saboda kai ɗin ma gaba ɗaya ba ka dame shi ba, hannunka a kan totur kawai yake kallo. Titunan can sun fi namu faɗi, kwanoninsu sun fi daɗin sha da babur, abin da ya zaunar da shi ke nan.

Aiki kam ya iya, ba zan ci amanar wannan ba. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce maka ringi ne. A kwance injin, a tarar ringi ne. Fulogi kuwa shinshina shi yake yi ya gaya maka gidan man da ka sha. In mai babur ya fara ba shi labarin abin da yake zaton ya lalace, sai ya ce, "Malam, in ka san ciwon me ya kawo ka? Matsa in ji daga bakin mai shi." Yana da wata magana da ba ya gajiya da maimaita ta: "Babur bai taɓa kayar da kowa ba. Mutum ne ke kayar da babur, ya tashi kuma yana zagin ƙarfe." Muna yara muna dariya in ya faɗa, ban san wata rana a kaina za ta ƙare ba.

Abin da ya yi masa suna shi ne tseren ranar shara. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata akwai dokar tsaftar muhalli, daga ƙarfe bakwai zuwa goma ba mota ba babur, kowa ya tsaya ya share ƙofar gidansa. Duk garin tsintsiya suke gani a wannan safiya, Baffa kuwa kwalta ya gani shimfiɗe ba kowa a kai. Sai ya yanki hanyarsa: daga ƙofar gareji a miƙe wajen Kamazou, a karya ta wani layi mai gangara, a sha wata kwana mai kwalbati a ƙasan gangaren, a dawo gareji. Zagaye biyar ake yi. Bencinan masu shayi yake ara ya gindaya a bakin kowane lungu, ya tsayar da mutum ɗaya riƙe da jan ƙyalle don kada wani ya ɓullo. Masu tsare hanya kuwa babu wanda bai taɓa gyara wa babur kyauta ba, saboda haka in sun ji ƙarar sai su juya baya su ci gaba da hirarsu. Agogon bangon ɗakin Inna yake cirowa ya rataye a jikin dogonyaro, da shi ake ƙirga lokaci. Kyautar wanda ya ci ba ta wuce sabuwar taya ɗaya ba, amma samari suna kasadar wuyansu a kanta kamar gida za a ba su.

Yana da al'adarsa da kowa ke yabo. Yana idar da sallar asuba zai haye gada kafin a rufe hanya, ya bi hanyar tseren nan kaf da ƙafa, da tsintsiyar kwakwa a hannu da buhu a kafaɗa. Ƙusa, dutse, fasasshiyar kwalba, duk sai ya tsince, yashin da ya taru a kwana ya share shi tas. In ya dawo gareji ya ajiye buhun ya ce, "Na taka," to magana ta ƙare, babu mahaluƙin da ya isa ya sake cewa uffan a kan hanya. Ko a tabarmar ta'aziyyar nan sau uku na ji ana ba da wannan labari ana girgiza kai, wai dubi kula da ran jama'a. Babu wanda ya tsaya ya lissafa cewa Baffa ƙarfe shida yake takawa, shara kuwa ƙarfe bakwai ake fara ta.

Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana biyu ana ruwa, kwatoci sun cika sun toshe. Mutanen da ke zaune a kwanar kwalbatin suka fito da shebur suka yi abin da ake yi ko'ina a garin nan: suka kwashe baƙin taɓon kwata suka jibge shi a bakin kwalta, suna jiran motar da za ta kwashe. Ruwan taɓon ya tsiyaye ya ratsa kwanar daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai wata mata 'yar Kudancin Kaduna da ke suya a wurin, Mama mai ƙosai muke ce mata. Ta bar kaskonta a kan wuta, ta tako tun daga can har gareji tana haki. Ina zaune a kan babur, hular kwano a hannuna, komai a kunnena aka yi.

Ta ce, "Baba, kwanar nan ba kyau yau fa. Sun kwashe kwata sun zuba a titi, duk wurin santsi kamar miyar kuɓewa."

Ya ce, "Na taka."

"Da asuba ka taka, Baba. Ni yanzu-yanzu na baro wurin. Ka aika mutum ɗaya ya duba, minti biyar ne."

Ya tofar da goro ya dube ta sama da ƙasa. "Mama, na taɓa zuwa na koya miki juya ƙosai? Koma kada ya ƙone."

Aka kwashe da dariya, har da ni, kuma wannan dariyar tawa tana cikin abubuwan da ba na son tunawa. Shekarata ashirin da biyu, ranar ce ta farko da Baffa ya ba ni babur ɗinsa na kansa, don wani ɗan Kamazou ya yi wata uku a jere yana cinye mu, abin yana ci wa Baffa rai. Mai jan ƙyallen da ke tsaye a kwanar ma ya ga taɓon da idonsa. Daga baya ya ce mini aikinsa hana mutane tsallakawa ne, kuma tun da Baffa ya ce ya taka, shi wane ne.

Ko zagaye ɗaya ban gama ba. Ni ne a gaba da muka biyo gangaren, na kwantar da babur zan sha kwanar, sai na ga kwalta tana sheƙi baƙi ƙirin. Na cafki birkin gaba. E, na cafka, ban taɓa musun wannan ba. Tayar gaba ta tafi, na bi ƙasa ina jan jiki, ƙafata ta hagu ta daki bakin kwalbati, babur ɗin ya biyo ya danne ta. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa.

Ba asibiti Baffa ya kai ni ba. A asibiti za a tambayi yadda aka yi, 'yan sanda su shigo, tsere ya mutu. Wurin wani mai ɗori a bayan gareji ya kai ni, aka ja ƙafar, aka jera mata karare aka ɗaure tamau da tsumma, alhali ƙashi ya huda fata kuma taɓon kwata ya shiga ciwon. Kwana tara ina kwance a ɗaki ina ihu, yana leƙowa yana cewa ɗori dama haka yake, in daure ni namiji ne. Sai da ɗakin ya fara wari Inna ta jira ya tafi gareji, ta yi shatar mota da kuɗin adashinta ta kai ni asibiti. A saman gwiwa aka yanke. Da likita ya tambayi wanda ya bar ƙafa ta kai haka, Baffa yana tsaye a wurin, ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Wata ɗaya tak aka fasa tseren, na biyu aka ci gaba. Amma duk wannan bai kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Duk wanda ya tambayi Baffa me ya faru, amsarsa ɗaya ce: "Yaron ya kama birkin gaba a kwana." Babu taɓo a labarinsa, babu Mama mai ƙosai, babu kwana tara. Na zama darasin da yake koyar da sababbin mahaya da shi, yana cewa kada su yi irin na ɗan wansa. Har yau in na shiga Television akwai masu kirana Birkin Gaba, wasu cikinsu ba su ma san ina da wani suna ba. Ƙafata ya ci, sannan ya bi da sunana, kuma kullum a kwano ɗaya muke cin tuwo.

Sau ɗaya na tare shi da maganar. Bayan shekara uku ne, na je gareji da sanduna, na same shi a tsugune yana ɗaure sarƙar babur, ga mutane cike da benci. Na ce, "Baffa, ina so ka gaya wa mutanen nan abin da ke kwanar nan ranar da na faɗi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na taka hanyar."

"Ƙarfe nawa ka taka? An zo an gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Ya ci gaba da juya noti har ya gama, ya goge hannu a wando, ya dubi wanda ke kusa da shi ya ce, "Miƙo min sufana mai lamba goma." Na tsaya a kansa, na kira shi azzalumi a gaban kowa, abin da ɗan da aka raina ba ya yi. Wani dattijo ya kama ni yana cewa in ji tsoron Allah, ubana ne. Ni aka ba wa laifi a ranar ma, ni aka sa na je na durƙusa daga baya, da ƙafa ɗaya, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ya wuce," kamar shi aka cuta.

Bayan sati biyu da wannan na fito da safe na tarar da wani abu a ƙofar ɗakina. Babur ne ya mayar mai ƙafa uku, ya ɗauke giya daga ƙasa ya dawo da ita hannu, ya yi wa sanduna maƙali a gefe, ya saukar da kujerar daidai yadda zan hau ba tare da an kama ni ba. Inna ta ce wata biyu ya yi yana haɗa shi a ɓoye, ke nan tun kafin rigimarmu ya fara. Aikin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Da shi nake zuwa shagona na gyaran janareta har yau, bai taɓa barina a hanya ba, kuma sana'ar ma da kunnen da ya koya mini nake yin ta. Mutane suna cewa ai wannan shi ne ban haƙurinsa, wasu mazan da hannu suke magana. Ni ban roƙe shi babur ba. Jimla ɗaya na roƙa, wadda ba ta buƙatar walda ko fenti, ya gwammace ya yi wata biyu yana ƙona ido a kan ƙarfe da ya furta ta.

Tseren ya mutu da kansa da dokar zaman gida ta ranar shara ta yi sanyi, motoci suka koma fitowa. Baffa ya tsufa a gareji yana ba samari labarin zamaninsa. Wata huɗu kafin rasuwarsa ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ina zuwa duba shi kowace Juma'a, ni nake yi masa aski. Wata rana ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, leɓensa yana motsi, hawaye yana bin gefen idonsa. Inna ta ce, "Ka gani? Gafararka yake nema." Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma ruwa yake so, ko reza ce ta yanke shi. Shekara goma sha ɗaya da wani abu bakinsa yana aiki lafiya lau, yana zagin masu babur da shi, yana cin goro da shi. Ban ga dalilin da zan fassara masa shirunsa da alheri ba bayan ya ɓarnatar da maganarsa.

Ranar sadakar uku sai ga Mama mai ƙosai, ta tsufa, wata jikarta tana riƙe da ita. Ta shiga ta gai da mata, da za ta tafi ta tsaya a gabana ta daɗe tana kallon wandona da ke naɗe. Ta ce, "Ɗana, sannu da haƙuri. Na faɗa masa fa."

Na ce, "Na sani, Mama, ina wurin."

"Da na sani da na ɗauko kaskona na zauna a tsakiyar titin, in ga mai wucewa. Kullum in na tuna sai in ce ban yi ƙoƙari ba. Ka yi haƙuri, ka ji? Ka yafe min."

Matar da ba ta yi mini komai ba sai alheri, ita ce ta haye gada da tsufanta ta zo neman gafarata. A nan ne na yi kuka, karo na farko tun da aka yi rasuwar, mutane kuma suka ɗauka kukan Baffa nake yi, suna ta dafa ni suna cewa sai haƙuri.

Ranar kwana shida, bayan la'asar, Inna ta sa aka kira ni. Na same ta a ƙuryar ɗaki cikin kayan takaba, carbi a hannu, kwanon abincinta a rufe ba a taɓa ba. Ta sallami matan da ke wurin, na jingine sanduna na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, gobe bakwai."

"Na sani, Inna."

"Ban ce bai cuce ka ba. Ni na wanke tsummokaran nan, ba wanda zai ba ni labari. Amma kalma biyu ce. In ba za ka yi don shi ba, ka yi don ni. Loma ba ta wuce min in na tuna yana kwance can da hakkinka a wuyansa."

Na gaya mata gaskiya, cewa babu sallar da nake yi ban roƙa masa gafara ba, Allah Ya shafe abin da ke tsakaninsa da Shi, Ya yalwata masa kabari.

Ta ce, "To naka fa?"

Ni kaina sai a lokacin na gane abin da nake riƙewa. Na ce, "Inna, in na yafe yau, ya tsallake ni ke nan. An rufe maganar, har abada ba zai tsaya a gabana ba. Malamai sun ce ranar hisabi ana tsayar da mai hakki da wanda ya ci hakkin, ido da ido. Wannan tsayuwar nake so. A can ba sufanar da zai ce a miƙo masa. Ina so ya dube ni, ya kira ni da sunan da ubana ya raɗa min, ya ce, 'An gaya min, ban koma na duba ba.' Wallahi kafin ya rufe baki na yafe masa, in kama hannunsa mu wuce tare. Amma sai ya faɗa."

Ta zuba mini ido, hawaye yana sauka a kan carbin. Can ta ce, "Na haifa masa biyar, amma kai ne ɗansa. Tashi ka ba ni wuri."

Na ɗauki sanduna na fito. An yi sadakar bakwai, an raba waina, an naɗe tabarmi, 'yan tsere sun murɗa totur sun koma inda suka fito, ban faɗa ba. Inna ta fara cin abinci, amma in na gaishe ta da ka take amsawa, kuma na san ni na jawo.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya saka masa da rainon da ya yi mini. Sauran kuwa ya jira ni, ina tafe.